Yini Ɗaya a Landan: A Ɗauki Jagora Na Musamman, A Hau Bas, Ko A Zaga Da Kai?

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Landan ba yawon buɗe ido ne ya kai su ba. Wani bikin kammala karatun ɗansa ne ya kai shi, wata mahaifiyarta ta rako ganin likita, wani kuma taron kwana uku ne a wurin aiki. Sai a wayi gari an samu yini ɗaya babu abin yi, a ce bari a ga gari kafin a koma gida. Daga nan ne shawara take rabuwa. Wannan ya ce a nemi jagora na musamman wanda zai zaga da iyalin su kaɗai, wancan ya ce ɓarnar kuɗi ce tunda ga jajayen bas-bas masu buɗaɗɗen sama a ko'ina, yaran gidan kuma su ce ai komai yana cikin waya. Kowa da gaskiyarsa, amma gaskiyar ta danganta da su wa za su fita, su nawa ne, kuma me suke son gani da idonsu.

Kafin a yi maganar kuɗi, sai an san yadda garin yake kwance. Wuraren da baƙo yake nema sun taru ne a gungu uku. Na yamma shi ne Westminster: ginin majalisar dokoki da agogon Big Ben, majami'ar Westminster Abbey, titin Whitehall inda ake leƙen gidan Firaminista ta bayan ƙofar ƙarfe, Dandalin Trafalgar, da Fadar Buckingham. Duk waɗannan a ƙafa ake bin su. Daga majami'ar zuwa fadar ta cikin lambun St James's tafiyar kwata ɗin awa ce. Na gabas shi ne tsohon birni: Tower of London (tsohon gidan sarauta mai ganuwa), gadar Tower Bridge da aka buɗe a 1894, da majami'ar St Paul's mai babbar ƙubba. Tsakanin gungun biyu akwai kimanin kilomita 4 zuwa 5 a gefen Kogin Thames. Na uku shi ne gidan tarihi na British Museum, can arewa kaɗan. Wanda ya fahimci wannan ya san cewa yini ɗaya ba ya ɗaukar shiga cikin wuri fiye da biyu, uku idan an matsa wa kai. Sauran daga waje za a gan su. Duk tallar da ta yi alƙawarin wurare goma sha biyar a yini, wucewa ta gabansu take nufi.

Bari in fara da jagora na musamman, domin shi ne mafi tsada kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane suna ɗauka abin da ake saya shi ne sanin hanya. Hanya kam waya tana nunawa. Abin da ake saya shi ne mutumin da zai tsara yinin daidai da ku, ya kuma buɗe muku abin da ido kaɗai ba zai gane ba.

A Birtaniya akwai jagorori masu shuɗin bajo da ake kira Blue Badge. Sukan yi kusan shekara biyu suna karatu da jarrabawa kafin hukumar Institute of Tourist Guiding ta ba su wannan bajo, kuma a manyan wurare irin su Westminster Abbey da Tower of London su ne jagororin waje da aka yarje wa su shiga da baƙi suna yi musu bayani. Wannan bambanci yana da girma. Wanda ba shi da bajon zai kai ku bakin ƙofa, ya ba ku labari a waje, ya ce ku shiga zai jira ku. Kun biya kuɗin jagora ke nan, amma a wurin da kuka fi buƙatarsa ba ya tare da ku.

A ganina babu inda jagora yake cin kuɗinsa kamar cikin Westminster Abbey. Ginin da ake gani yau an fara shi a 1245, amma tun 1066 a wannan wuri ake naɗa sarakunan Ingila, har zuwa naɗin Sarki Charles na Uku ranar 6 ga Mayu, 2023. Fiye da mutum 3,000 aka binne a ciki. Wanda ya shiga shi kaɗai zai ga duwatsu da gumaka da rubuce-rubuce sun cika ko'ina, bango da daɓe, cikin minti arba'in ya gaji ya nemi ƙofar fita. Jagora nagari zai wuce da ku ɗaruruwan kaburbura ba tare da tsayawa ba, ya tsayar da ku a gaban shida ko bakwai: tsohuwar kujerar naɗin sarauta ta katako wadda ta haura shekara 700, kabarin sojan da ba a san sunansa ba da aka binne a 1920 wanda ba a taka shi, inda Isaac Newton da Charles Darwin suke kwance, inda aka binne tokar Stephen Hawking a 2018, da kabarin David Livingstone wanda aka ɗauko gawarsa tun daga Afirka. Gaskiya ne tikitin shiga yana zuwa da na'urar bayani da ake maƙalawa a kunne, kuma tana da kyau. Sai dai ba za ta amsa tambayar Baba ba idan ya ce, to shi sarkin nan da sarakunanmu na gida wa ya fi iko a kan talakawansa? Jagora zai amsa, hira ta ɓarke, kuma sau da yawa wannan hirar ce ake tunawa bayan an dawo.

Abu na biyu shi ne wanda babu bas ko ayarin da zai ba ku: Landan ɗin da ta shafe mu. Daf da titin The Mall, kafin a isa fada, akwai Lancaster House, inda aka yi tarukan tsarin mulkin Najeriya na 1957 da 1958, waɗanda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka halarta, aka share fagen samun 'yancin kai a 1960. Ba a barin jama'a su shiga a kullum, amma tsayuwar minti biyar a gabansa tana da nauyi ga wanda ya san tarihin. A Aldwych akwai Bush House, inda Sashen Hausa na BBC, wanda aka kafa a 1957, ya daɗe yana watsa shirye-shirye kafin a tashi daga ginin a 2012. Dattijon da ya girma da rediyo a kunne zai fi murnar ganin wannan gini a kan ganin London Eye, ƙaton lilon nan mai juyawa da ake hawa a hango gari. Ofishin jakadancin Najeriya yana titin Northumberland, taku kaɗan daga Dandalin Trafalgar. A unguwar Bloomsbury, bayan British Museum, nan ne Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan take, wadda Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suka yi karatu a cikinta a shekarun 1940. A cikin gidan tarihin kansa, a ɗakin Afirka da ke ƙasa, ga tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, waɗanda har yau Najeriya ke neman a mayar mata. Ba kowane jagora ne ya san waɗannan da ka ba, amma idan aka rubuta masa mako ɗaya ko biyu kafin ranar, ƙwararre zai bincika ya saka su cikin hanya.

Sai kuma salla da abinci, waɗanda masu tsara yawon jama'a ba sa sakawa a lissafi. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, wato Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin awa huɗu, daidai tsakiyar yawon. A watan Yuni kuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare ake Magariba. Da jagoranku, za a iya tsara cewa bayan Tower of London a hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zango ɗaya ko biyu zuwa Whitechapel, a yi salla a Masallacin Gabashin Landan, a ci abincin halal a gidajen abincin da suka cika unguwar, sannan a ci gaba. Idan yammacin gari aka ƙare, Babban Masallacin Regent's Park mai ƙubbar zinariya yana nan, titin Edgware da gidajen abincin Larabawa ba su da nisa da shi. 'Yan'uwa Kirista kuma za su so sanin cewa addu'ar yamma a Westminster Abbey da St Paul's kyauta ake shiga ga mai son ibada, ko da yake ba a yawon kallo a lokacin.

To nawa ne? Kuɗin jagora mai bajo na yini guda yakan kai ɗaruruwan fam, kuma yawanci tikitocin shiga ba sa ciki. Tikitin babba na Tower of London ya haura fam 30, na Westminster Abbey ma yana wajen nan. Amma a lura, kuɗin jagora na ayarin ne gaba ɗaya, ba kowane kai ba. A ƙaddara ya ce fam 400. Idan miji da mata ne kaɗai, kowa ya biya 200 ke nan, abin da zai yi wuya in ba wani shawarar yi. Idan ku takwas ne, 50 ne kowane mutum, wanda bai yi nisa sosai da tikitin bas ɗin yawon buɗe ido ba. Iyalanmu kuwa da wuya su fita su biyu. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya juya shawara.

A cikin jagorancin na musamman ma akwai zaɓi biyu, kuma a nan ne na fi ganin ana asarar kuɗi: jagora mai mota, ko jagoran da zai bi da ku a ƙafa da jirgi. Mun saba ganin cewa mutunci shi ne a ɗauko babba a mota a sauke shi a bakin ƙofa. Tsakiyar Landan ba ta ba da wannan dama. Titunan ƙanana ne, iyakar gudu a yawancinsu mil 20 ne a awa, tun 2003 ake biyan harajin cunkoso don shiga tsakiyar gari, wurin ajiye mota kusa da fada ko majalisa kuwa kusan babu. Idan direban shi ne jagoran, ko dai ya bar ku ku shiga ku kaɗai, ko ya tafi neman inda zai ajiye mota kuna tsaye. Daga Westminster zuwa Tower Hill, tashar da ke daf da Tower of London, jirgin ƙarƙashin ƙasa minti goma da 'yan kai ne a layi ɗaya ba canji, kuma tashoshin biyu suna da lif. Mota tana iya cin ninki uku na wannan idan gari ya cushe. Ga kuma jirgin ruwa da ke tashi daga gaɓar Westminster zuwa ta Tower, kusan rabin awa, kuna zaune kuna kallon St Paul's da gadoji. Ga tsoho wannan hutu ne kuma kallo ne a lokaci guda.

Idan tafiya a ƙafa ba za ta yiwu ba sam, misali akwai mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu, na fi son baƙar tasin Landan a kan motar alfarma. Direbobinta sai sun ci jarrabawar da ake kira The Knowledge, wadda takan ɗauki shekara uku zuwa huɗu ana haddace titunan gari. Tasin tana da izinin bin yawancin layukan bas, abin da motar haya ta yau da kullum ba ta da shi, tana ɗaukar mutum biyar ko shida, kuma an ƙera ta yadda keken guragu zai shiga. Wasu direbobin sun yi horon jagoranci, ana ɗaukar su na awa uku ko huɗu. Motar alfarma da direba tana da ranarta, amma ranar fita bayan gari ce: Fadar Windsor, ko duwatsun Stonehenge da ke tafiyar kusan awa biyu.

Bas mai buɗaɗɗen sama, wanda ake hawa a sauka a sake hawa da tikiti ɗaya, ba abin rainawa ba ne. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, zama a bene na sama yana nuna masa fasalin garin cikin awa biyu zuwa uku ba tare da ya taka ƙasa ba. Bayanin yana zuwa ta abin sauraro cikin harsuna da dama, har da Faransanci, abin da zai yi wa mutanen Nijar da Kamaru da Chadi daɗi. Yara suna son sa. Matsalarsa ita ce cunkoson da ya hana motar alfarma gudu shi ma yana hana shi, kuma duk sauka ɗaya tana nufin sake tsayuwar jiran wani. Daga Nuwamba zuwa Maris sanyin bene na sama ba irin na hunturunmu ba ne, ga yayyafi. Yawanci kowa sai ya gudo ƙasa, inda rabin kallon yake ɓacewa. Ni a wurina bas ɗin nan na zagaye ɗaya ne ba sauka, da rana mai kyau. Wanda yake son shiga wurare kada ya dogara da shi a matsayin abin hawa.

Akwai kuma ayarin tafiya a ƙafa, inda ake haɗa baƙi ashirin ko talatin a bayan mutum ɗaya mai riƙe da lema. Wasu ana biya tun farko, wasu a ce kyauta ne amma a ƙarshe kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Ya dace da ɗalibi ko matashi mai ƙarfin ƙafa wanda kunnensa ya saba da Turancin Ingila mai sauri. Ba zan kai dattijo ba. Ayari ba ya jiran mai neman banɗaki, balle mai neman wurin alwala.

Zagawa da kai fa? Landan tana cikin biranen da suka fi sauƙaƙa wannan. British Museum, wanda aka kafa a 1753, kyauta ne shiga, haka ma gidan zane-zane na National Gallery da ke Dandalin Trafalgar. Katin banki mai taɓawa ko katin sufurin Landan da ake kira Oyster yana biyan bas da jirgi, kuma akwai iyakar abin da za a cire maka a yini komai yawan hawanka. A tuna dai bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biya idan suna tare da babba. Bas na gari mai lamba 15 yana tashi daga wajen Trafalgar, ya bi ta Aldwych da St Paul's har Tower, a kuɗin bas na kowa da kowa.

Kuma ga wani abu da masu tallar jagoranci ba sa gaggawar faɗa: a Tower of London tikitinka ya riga ya haɗa da jagora. Dogaran gidan masu shuɗayen kaya masu duhu da jan ado, waɗanda kowannensu sai da ya yi aƙalla shekara 22 a aikin soja, suna zagawa da baƙi sau da yawa a yini ba ƙarin ko kwabo. A nan cikin ganuwar suke zaune da iyalansu. Su za su nuna muku farar hasumiyar da aka fara ginawa wajen 1078, da inda aka fille kan Sarauniya Anne Boleyn a 1536, da hankakin da ake kiwo a gidan. Ɗakin kayan sarauta, inda sandar sarki take ɗauke da lu'ulu'un Cullinan mai karat 530 da aka haƙo asalinsa a Afirka ta Kudu a 1905, ba ya buƙatar mai bayani. Abin da yake buƙata shi ne sammako, domin kafin hantsi ya yi layi ya miƙe. Saboda haka biyan jagora na musamman don Tower kaɗai bai kai amfanin biyansa don Westminster ba.

Da ɗan gari a kan ci gari, shi ya sa da yawanmu muke jingina da ɗan'uwa ko ɗalibin da ke zaune a can. Yana da daɗi, kuma shi ya san inda za a ci abinci mai kyau da araha. Amma a yi masa adalci. Mai zama a Landan yana iya yin shekaru tsakanin gida da wurin aiki bai taɓa sayen tikitin shiga Abbey ba, kuma yinin da zai ba ku wataƙila daga hutunsa ko albashinsa ya fito. Zai kai ku, ya ɗauke ku hoto. Tarihin wurin ba lallai ya sani ba.

Idan aka tambaye ni, ga yadda zan raba. Mutum ɗaya ko biyu masu lafiya da Turanci su sayi tikitoci ta intanet tun da wuri, su zaga da kansu, su ajiye kuɗin. Iyali mai ƙananan yara da ba su da niyyar shiga ko'ina su hau bas zagaye ɗaya, su ƙare a jirgin ruwa. Iyali mai mutum biyar zuwa sama, musamman idan akwai iyaye ko wani babba da ake son girmamawa, su ɗauki jagora mai bajo, amma na rabin yini, awa huɗu na safe, a gungun Westminster. A shiga Abbey da an buɗe, a bi ta Whitehall da Lancaster House zuwa fada, a sallame shi da azahar. Bayan salla da abinci a tafi Tower a bi dogaran gidan, ko British Museum a nufi ɗakin Afirka da ɗakin duniyar Musulunci da aka buɗe a 2018. Yini cikakke da jagora sai ga wanda tarihi ne ya kawo shi, ko wanda kuɗin ba zai taɓa shi ba. Yawancin mutane bayan awa huɗu na sauraro kunne ya cika.

Kafin a tura kuɗi, a tambayi sunan jagoran da kansa, a duba shi a rajistar masu bajo, domin shafukan dillalai sukan sayar da yawo ba tare da sun faɗi wanda zai zo ba. A tambaya ko tikitoci suna cikin kuɗin, da abin da zai faru idan jirginku ya makara ko aka ɗaga ganin likita. Mai jin Faransanci ko Larabci ya nemi jagora mai wannan harshe, akwai su. Kalmar "ba jiran layi" da ake gani a talla ba ta ɗauke binciken jami'an tsaro a ƙofa ba, kowa sai ya bi. Ranar da za a zaɓa ma tana da muhimmanci: ranar Lahadi Westminster Abbey ta masu ibada ce kawai, bikin canjin masu gadin Fadar Buckingham na wajen ƙarfe 11 ba kullum ake yi ba kuma ruwan sama mai ƙarfi yana sa a soke shi, cikin fadar kuwa a watannin bazarar Turai aka fi buɗe wa jama'a. Idan Juma'a ce kaɗai ta samu, a faɗa wa jagoran tun a saƙon farko domin ya gina safiyar a kan lokacin masallaci, sannan a bar British Museum zuwa yamma, tunda ranar Juma'a sai ƙarfe 8:30 na dare yake rufewa.